Northampton da irin zamanmu a cikinsa: amsa ga Kawu

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, saƙonku ya iso. Kun tambayi dalilin da ya sa mu 'ya'yan gidan fatauci, muna zaune a garin da aka ce na kasuwa ne kuma ya yi suna a harkar fata da takalma, ba mu kama rumfa ba, sai aikin albashi dare da rana, har ziyara a tsakaninmu ta koma ta ranar Lahadi kaɗai. Tambayar tana kan hanya, amma ba za ta amsu ba sai na fara bayyana muku inda garin yake da abin da ya ci da shi a da, domin yawancin abin da kuke gani baƙo a halinmu daga nan ya samo asali.

Northampton yana tsakiyar Ingila, kimanin kilomita 97 arewa maso yamma da Landan, kuma kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da Birmingham, a gefen wani kogi mai suna Nene wanda ke gangarawa gabas har ya faɗa teku. Tsohon garin yana kan tudu a arewacin kogin, unguwannin da ke ƙasa kusa da ruwa kuwa, irin su Far Cotton da St James, su ne ambaliyar 1998 ta yi wa ɓarna, shi ya sa har yau mai neman gida a can yakan fara tambayar kuɗin inshora kafin ya tambayi yawan ɗakuna. Ƙasar da ke kewaye ta noma da kiwo ce, kuma akwai wani dutse mai launin ƙasa-ƙasa saboda ƙarfen da ke cikinsa, wanda da shi aka gina tsofaffin majami'u da gidajen ƙauyuka. Mutanen garin sun kusa 250,000, amma a hukumance ba a kiransa birni, domin a nan wannan matsayi daga fadar sarauta ake ba da shi, kuma sun nema fiye da sau ɗaya, har da shekarar 2022, ba su samu ba.

A ƙarni na 12 da na 13 garin yana cikin manya a ƙasar. Akwai katafariyar fada mai ganuwa da sarakuna ke sauka a ciki suna zaman majalisa, kuma a nan aka gurfanar da babban limamin Kirista Thomas Becket a 1164 kan rikicinsa da Sarki Henry na Biyu. A 1189 Sarki Richard na Ɗaya ya ba garin takardar 'yancin tafiyar da wasu harkokinsa da kansa, a 1235 kuma Sarki Henry na Uku ya hana saye da sayarwa a harabar majami'ar All Saints, ya sa aka mayar da kasuwa filin da take har yau, wanda yana cikin filayen kasuwa mafi girma a Ingila. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani kasuwa ba ta ci a inda mutane suka ga dama, sai inda sarki ya ba da izini da ranar da ya yanka, kuma garin da ya samu wannan izini shi ke karɓar kuɗin rumfa, shi ke tara manoman ƙauyukan da ke kewaye da shanunsu da ulunsu. An ma kafa jami'a a 1261, sai dai sarkin da ya yarda da ita ya rushe ta a 1265.

Daga baya garin ya sha wuya sau biyu a jere. A yaƙin basasar Ingila ya goyi bayan majalisa a kan sarki, don haka da sarauta ta dawo, Charles na Biyu ya sa aka rushe ganuwar da wani sashe na fadar a 1662. Sai kuma gobarar 1675 ta cinye mafi yawan gidajen cikin yini guda. Wannan ne ya sa baƙon da ya zo neman tsofaffin gine-gine a tsakiyar garin yakan sami kaɗan, ban da wata majami'a mai siffar da'ira da aka gina wajen shekarar 1100. Ragowar fadar ma an baje ta wajen 1879 domin a faɗaɗa tashar jirgin ƙasa.

Yanzu ga abin da ya fi shafarku, wato fata. Abubuwa uku suka haɗu a wuri ɗaya: kiraga daga kasuwar shanu, ruwan kogi, da ɓawon itacen oak da ke dazuzzukan yankin, wanda shi ne ke yi musu aikin da bagaruwa ke yi wa majemanmu. Dukawan garin sun fara samun babbar kwangila a 1642, lokacin da aka ba su aikin dubban takalman sojoji, kuma tun daga nan kusan duk yaƙin da Birtaniya ta shiga sai ya zame musu kasuwa. A 1801 mutanen garin ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba, amma zuwa 1831 sun haura 15,000, kuma kashi ɗaya cikin uku na mazan garin ɗinkin takalmi suke yi. A farko a gida ake aikin, mai gida da matarsa da 'ya'yansa, ɗan kasuwa ya kawo yankakkiyar fata ya dawo ya karɓi takalmi. Da keken ɗinki ya shigo a ƙarshen shekarun 1850 dukawan sun yi yajin aiki suna ƙinsa, ba su yi nasara ba, aiki ya koma masana'anta. Har yanzu idan mutum ya bi titunan da ke tsakanin Kettering Road da Wellingborough Road zai ga jerin ƙananan gidajen jan bulo manne da juna, a kusurwar titi kuma wani dogon gini mai manyan tagogi wanda a da masana'antar takalmi ce, yau kuwa an yanka shi ɗaki-ɗaki ana haya. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan gidaje muka fara sauka, saboda hayarsu ta fi sauƙi kuma ana iya takawa zuwa tsakiyar gari.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu takalma masu araha daga wasu ƙasashe suka kashe yawancin masana'antun. Waɗanda suka rage su ne masu yin na tsada, irin su Tricker's da aka kafa a 1829, da Church's a 1873, wanda kamfanin Prada na Italiya ya saya a 1999, da Crockett & Jones a 1879. Takalmi ɗaya a wurinsu yakan ɗauki makonni yana bin hannuwa daban-daban, daga mai yanka zuwa mai ɗinkin sama zuwa mai haɗa tafi, kuma kuɗinsa ɗaruruwan fam ne, masu saye kuwa da yawa a Japan da Amurka suke. Fatar ɗan maraƙi suka fi amfani da ita, kuma yawancinta daga majemun Turai take zuwa, don haka ƙofar cinikin fata da kuke hange a nan ba ta da faɗi. Inda fatarmu take da daraja shi ne wajen ɗaurin littattafai. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda kakanninmu suka riƙa turawa ta hamada har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, ita ce masu ɗaure littattafai masu tsada suke nema har yau, kuma a wani ƙaramin gari mai suna Higham Ferrers a wannan lardi na Northamptonshire akwai majema da aka san ta da gyaran fatar akuya ta Nijeriya domin wannan aiki. Sai dai ciniki ne na kamfani da kamfani, mai buƙatar fatu marasa tabo iri ɗaya a kai a kai, ba wanda mutum zai fara da buhu biyu a rumfa ba.

Abin da ya maye gurbin takalmi hanya ce ta kawo shi. Lokacin da aka shimfiɗa layin dogo daga Landan zuwa Birmingham a 1838 an kauce wa garin, sai a 1881 ya sami layin da ya haɗa shi da babbar hanyar sosai. Amma da aka buɗe babbar hanyar mota ta M1 a 1959, sai ga ta ta bi ta gefensa. A 1968 gwamnati ta sa shi cikin garuruwan da za a faɗaɗa domin rage cunkoson Landan, aka gina sababbin unguwanni a gabas da kudu, dubban iyalai suka ƙaura zuwa nan. Tun da direban tirela zai iya kai kaya ga mafi yawan mutanen Birtaniya daga wannan yanki cikin sa'o'i huɗu, kamfanoni suka cika wurare irin su Brackmills da Swan Valley da manyan sito-sito, wasu ma tsawonsu ya fi filin ƙwallo da yawa. Akwai kuma hedikwatar Barclaycard masu katin banki da ta Travis Perkins masu sayar da kayan gini, da masana'antar giya ta Carlsberg a bakin kogi, da babban asibiti, da jami'ar da ta koma sabon mazauninta a gefen ruwa a 2018.

A ganina, Kawu, kasuwar garin ta tashi daga fili ta koma cikin waɗannan sito-sito, kuma a can babu mai rumfa, sai ma'aikaci. Mutum yana tsaye da wata 'yar na'ura a hannu tana nuna masa layi da lambar kaya, ya ɗauko ya sa a kwali, ba ya ganin mai saye, ba ya taya, ba ya sallamawa. Filin kasuwar na ainihi yana nan, an ma kwashe 'yan kasuwar a 2023 aka gyara shi suka dawo a 2024, kuma akwai masu kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da furanni da dafaffen abinci, amma cinikin ba ya ɗaukar iyali da yawa. Manyan kantunan tsakiyar gari su ma sun yi ta rufewa, har da Marks & Spencer a 2018, shekarar da majalisar lardin ta bayyana cewa asusunta ya ƙare, abin da ya kai ga rushe ta da kafa sabuwar hukuma a 2021.

Akwai kuma shingen doka da ba a cika faɗa muku a gida ba. Mafi yawan 'yan'uwanmu da suka zo a 'yan shekarun nan da bizar karatu ko ta aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya suka shigo. Ɗalibi ba shi da izinin buɗe sana'ar kansa ko kaɗan, aikin albashi ma sa'o'i 20 a mako kawai aka yarje masa lokacin karatu, mai bizar aiki kuwa zamansa a ƙasar yana ɗaure da wanda ya ɗauke shi. Tun 2024 ma an hana yawancin ɗalibai da sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. Saboda haka wanda kuka ji bai kama sana'a ba, kada ku ɗauka lalaci ne ko girman kai, sau da yawa takardarsa ce ba ta ba shi dama ba, kuma wanda ya karya wannan sharaɗi yana iya rasa zamansa gaba ɗaya.

Aikin sito da na jinya kashi-kashi ake yinsu, wani daga 6 na safe zuwa 2 na rana, wani daga 2 zuwa 10 na dare, wani ya kwana, shi ya sa miji da mata sukan zaɓi lokuta mabambanta domin kada a bar yara su kaɗai, tun da kuɗin gidan reno yana da nauyi kuma babu kaka ko gwaggo a kusa. Wannan ne ya sa ba a faɗa wa mutum gida ba tare da an buga waya ba, domin mai yiwuwa wanda za ka tayar da azahar bai daɗe da dawowa daga aikin dare ba. Suna da walima da ta'aziyya duk mukan tara su zuwa ƙarshen mako, wani lokaci a yi raɗin suna ranar bakwai da mutum uku ko huɗu, taron kuwa sai Lahadi. Lokutan salla ma suna da nasu hukunci a nan. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin aiki ɗaya, sai mutum ya roƙi shugaban sashe ya raba masa hutunsa gida uku. A watan Yuni kuwa magariba takan wuce 9 na dare, kuma shekarun da azumi ya faɗo a lokacin mun ji jiki. Masallatan garin mutanen Bangladesh da Pakistan da Somaliya ne suka fi ɗawainiya da su, mu kuwa ba mu da yawan da za mu buɗe namu, don haka a bayansu muke salla, a makarantunsu na yamma kuma yaranmu suke karatun Alƙur'ani.

Layya ba a yin ta a tsakar gida, domin doka ta ce yanka irin namu sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mukan ba mahauci na halal suna da kuɗi tun kafin Salla, a karɓi nama bayan kwana ɗaya ko biyu, da yawa kuma sukan aiko da kuɗin gida a yanka a raba a nan wurinku, wanda ni ma shi na fi ganin amfaninsa. Adashi yana nan da ƙarfinsa, sai dai ta asusun banki ake zubi, kuma da shi mutane suke biyan kuɗin sabunta biza ko kafin alƙalamin gida ko tikitin zuwa ganin iyaye.

Jinin fatauci bai mutu ba, yana jiran takarda ne. Waɗanda suka sami zaman dindindin sukan sayi motar ɗaukar kaya suna rarraba saƙonni, wasu suna haɗa kayan da ake turawa Kano da Kaduna ta jirgin ruwa, mata kuma suna sayar da atamfa da turaren wuta da yaji ta WhatsApp, a kai wa mai saye har gida ranar da babu aiki. Kilishi da dambun nama ma a nan ake yinsu da naman shanun ƙasar, domin an hana matafiyi shigowa da nama ko madara daga Nijeriya, kuma wanda jami'an kwastan suka samu da shi a jaka ƙwacewa suke yi, wani lokaci har da tara. Don haka idan Inna za ta haɗa mana saƙo ta hannun mai zuwa, a bar kilishi da man shanu, a sa kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa.