Amsa ga mai neman gidan kakan matarsa a ƙidayar Sikotlan

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Ka ce ka ga kakan matarka, ma'aikacin masaƙa a birnin Dundee na Sikotlan, a ƙidayar jama'a ta 1881, amma ka koma ta 1871 ka neme shi ka rasa. Na sha wannan wahalar, don kusan shekara uku na yi ina bin sawun dangin surukata, masu haƙar kwal a yankin Lanarkshire.

Shawarata ita ce ka daina bin sunansa shi kaɗai, ka bi gidan gaba ɗaya. A wancan zamani mutanen can suna maimaita suna fiye da yadda muke maimaita Muhammadu: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. A unguwa ɗaya sai ka tarar da mutum huɗu masu suna ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya. Abin da zai raba maka su shi ne jerin 'yan'uwa. Rubuta sunayen yayyensa da ƙannensa, da garin da aka haifi kowanne, sai ka nemi wannan jerin a ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnatin Sikotlan mai ɗauke da tsofaffin takardun ƙidaya da rajista. Ni ta kan ƙanwarsa na gano tsohon da nake nema a dangin surukata, bayan na ɓata wata biyu a kansa.

Kada ka dogara da shekarun da aka rubuta. A ƙidayar 1841 ma da gangan ake rage shekarun wanda ya haura 15, mai 44 a rubuta shi 40, kuma ba a faɗin dangantakar mutanen gida. Sai daga 1851 aka fara rubuta wannan mata ce, wannan ɗa, wannan ɗan haya, tare da garin haihuwa. Sunaye ma suna sauyawa. Janet ita ce Jessie, Jean ita ce Jane, kuma bazawara kan koma sunan gidan ubanta bayan mijinta ya rasu.

A lokacin, talakan birni haya yake yi, yana tashi yana sake gida, don haka adireshi ba ya riƙe mutum. Duba ko kakan matarka yana gidan kawu ko gwaggo a daren ƙidayar. Masaƙun buhu na Dundee sun jawo mutanen Ayilan da yawa, mai yiwuwa a 1871 iyalin ba su iso ba tukuna.

Akwai wani layi da aka ƙara a takardar ƙidaya tun 1861, wato yawan ɗakuna masu taga. Ranar da na ga na dangin surukata, na daɗe ina kallon takardar: ɗaki ɗaya, mutum tara, har da ɗan haya, ga yaro ɗan shekara 12 an rubuta shi ma'aikacin ramin kwal. Da na nuna wa surukata, hawaye ta yi.

Kafin ka kashe kuɗi a kan wani hoton ƙidaya, nemo takardar mutuwar kakan matarka. Tun 1855 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan, kuma takardar mutuwa tana kawo sunan uba da na uwa, har da sunanta na gidansu. Da wannan sunan na uwa za ka buɗe 1871. In ka samu, turo mana jerin yaran mu taya ka dubawa.