Yadda 'yan caca suka gano lagon na'ura

Ka tambaye ni wai da gaske ne akwai 'yan cacar da suka gano lagon na'urar karta har suka riƙa kwasar kuɗi, kuma ta yaya mutumin da bai taɓa riƙe sukudireba ba zai ga abin da injiniyoyin kamfani ba su gani ba. Da gaske ne, yarona. Hukuncin caca ka san shi tun a makarantar allo, ba sai na maimaita maka ba. Amma a cikin labarin akwai aikinmu na gyaran waya tsantsa, don haka buɗe kunnenka.

A Las Vegas ta Amurka aka yi abin, a 2009. Na'urar sunanta Game King, ta kamfanin IGT. Akwati ne mai allo, ka zura kuɗi ta raba maka karta biyar, ka riƙe waɗanda kake so ta canza maka sauran. Kai ne kake zaɓar farashin da za ka yi wasa a kai, ƙarami ko babba. Wani mai suna John Kane, wanda caca ta riga ta ci masa dukiya mai yawa, yana wasa a gidan cacar Fremont sai na'ura ta nuna ya ci kuɗin da shi kansa ya san bai ci ba. Har ya gaya wa ma'aikacin wurin kuskure ne, aka ɗauka raha yake, aka biya shi.

To nan ne wurin da nake so ka lura. Wani da ya ce sa'a ce, ya soke kuɗinsa a aljihu ya tafi. Shi kuwa ya zauna yana tuno me ya danna, wanne ya riga wanne. Ya kira abokinsa Andre Nestor daga Pennsylvania, suka yi ta maimaitawa har suka iya jawo matsalar duk lokacin da suka so. Abin da suka gano shi ne, idan ka ci a ƙaramin farashi ba ka karɓi kuɗin ba, ka fita zuwa wani wasan, ka ƙara zura kuɗi, ka ɗaga farashi zuwa mafi girma sannan ka dawo, na'urar tana tuna kartar da ka ci amma ta yi maka lissafi da sabon farashin. Kamar a kasuwar Maigatari ka yi cinikin gero kwano goma, malamin rubutu ya rubuta goma kawai, kafin a auna maka ka ce buhu ake nufi. Ta haka cin mutum kan ninka har sau goma.

Sai dai da suka gwada a wasu gidajen, abin ya ƙi. Na'ura iri ɗaya, dannawa iri ɗaya, shiru. Suka yi ta neman me ya bambanta na Fremont da sauran, har Nestor ya lura cewa a can an kunna wani zaɓi da ake kira Double Up, wato ka sake zuba abin da ka ci, ko ya ninku ko ya tafi. A sauran wuraren a kashe yake. Da suka roƙi ma'aikata aka kunna musu, ƙofa ta buɗe ko'ina. Ka ga kowane sashe na manhajar lafiyarsa ƙalau idan shi kaɗai ne. A mahaɗarsu ɓarakar take, kuma ta kwanta a wurin shekara da shekaru, domin mai gwaji a kamfani hanyar da aka tsara yake bi, shi kuwa wanda ya kwana ya wuni a gaban allo yana danna abin da ba wanda ya zata za a danna.

Zari ne ya tona su. A Yuli 2009, a gidan Silverton, Kane ya yi ta cin manyan kuɗi a jere, masu kallon kyamara suka ga karta iri ɗaya ta sake biyan sa, aka kama shi. Nestor kuma ya kwashi sama da dala 400,000 a wani gida a Pennsylvania kafin a cafke shi. Gwamnati ta tuhume su da kutsen kwamfuta, lauyoyinsu suka ce madannan da aka ajiye don a danna su kawai suka danna, ba su buɗe komai ba. A 2013 aka janye tuhumar. Kamfanin kuwa tun da wuri ya sa aka kashe wancan zaɓin, ya sauya manhajar.

Saboda haka yaran nan da ke turo maka saƙo a WhatsApp wai suna sayar da lagon manhajar caca, kuɗinka suke so. Wanda ya samu irin wannan ɓoye ta yake yi, ba ya tallarta a dubu biyu.

Yanzu ɗauko wayar mai shayin nan da ya ce tana mutuwa haka kawai. Na ga hannunka ya nufi kayan buɗewa, ajiye su tukuna. Je ka tambaye shi: a caji take mutuwa ko a aljihu, da katin waƙoƙi a ciki ko babu, wanne layi ake kira idan ta ɗauke. Ka rubuta a bayan katin kasuwa. In ka dawo ka haɗa mata abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ka cire ɗaya ka mayar, har sai ta mutu a hannunka sau uku a jere da gangan. Sannan ka kira ni mu buɗe ta tare.