Kai Ɗalibai Tsohon Gidan Turawa a GRA ta Bauchi

Tambaya: Ina son kai ɗalibaina su ga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Turawan mulki a GRA. Ta ina zan fara? (Wata malama, Bauchi)

Amsa: Malama, fara da neman izini a rubuce. Yawancinsu gidajen gwamnati ne ko na masu zaman kansu, maigadi ba shi da hurumin buɗe miki. Ki nemi izinin ɗaukar hoto tun a takardar.

Ku je da rani, da hantsi, yara goma-goma. Ki nuna musu kaurin bango, tsayin rufi da faɗin baranda: da su ake sanyaya ɗaki kafin zuwan fanka. Turawa sun ci Bauchi a 1902, don haka irin waɗannan gidaje duk bayan nan aka gina su.

Haɗarin yana sama. Gara kan cinye katakon rufi ta ciki, waje kuwa lafiya lau. In kin ga layin jar ƙasa a jikin katako, ko silin ya yi ciki, kada kowa ya tsaya ƙarƙashi. Ɗakin da ke warin kashin jemage, a leƙa daga ƙofa kawai.