Amsa ga Hajiya kan allurar 'yan mata a makaranta

Wa alaikumus salam Hajiya, kin tambaya ko ki bar 'yarki mai shekara 9 a yi mata allurar HPV, wato rigakafin sankarar bakin mahaifa, tunda ana ta cewa wai tana hana haihuwa. Don Allah ki bari a yi mata, maganar nan ba ta da tushe. Kamaru ta sa allurar cikin rigakafin yara tun 2020, kyauta ce, kuma kwayar cutar HPV ita ke jawo kusan duk sankarar bakin mahaifa, wadda ke cikin kansar da ta fi kashe matanmu tare da ta mama.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu nan Garwa da Marwa sai ciwo ya ci jiki ake zuwa asibiti, a ce sai Yawunde ko Duwala, ga kudin mota ga masauki ga magani, kanwar babana haka muka rasa ta wallahi bayan an sayar da shanu biyu. Ya kamata gwamnati ta kawo gwajin wannan sankara kusa da mu, har asibitocin kauye. Ke ma Hajiya in kin wuce shekara 30 je ki a duba ki, minti kadan ne.