Sabata Tana Suma Idan Maziyarta Sun Yi Yawa: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Wasiƙun wannan makon kusan duk kuka ɗaya suka zo da shi: shafi ya yi nauyi, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, tana numfashi sama-sama. Na tsamo guda shida. Ta biyu ta cinye fili mai yawa, kuma da gangan na bar ta ta cinye.

Tambaya: Malam, na buga free -h, umarnin duba RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a cikinta), a sabata mai RAM 4GB, sai na ga abin da ya rage bai kai 200MB ba, alhali shafi ɗaya tak nake gudanarwa. Ko wani mugun abu ne ya shige ta?

Amsa: Babu abin da ya shige ta, tsoro ne ya shige ka. Linux, tsarin da ke tafiyar da sabarka, ba ta son ganin RAM a zaune ba aiki, shi ya sa take ajiye fayilolin da aka karanta kwanan nan a ciki don kada a sake wahalar da faifai. Da zarar wata manhaja ta nemi wurin za a sakar mata. Ginshiƙin da aka rubuta available a kansa shi ne naka, shi za ka duba. Kuma don Allah kada ka je ka kwaso umarnin nan na share ma'ajiyar kana ganin ka yi shara, nauyi kawai za ka ƙara wa kanka.

Tambaya: Ina kula da shafin WordPress a kan saba mai RAM 2GB da CPU (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi) mai kai biyu. Nginx (mai karɓar maziyarta) da PHP-FPM (mai gina shafukan) da MySQL (rumbun bayanai) duk suna wuri ɗaya. Idan mutane suka yi yawa sai a riƙa ganin kuskuren 502 ko 504 (saƙon da ke fitowa idan sabar ta kasa ba da amsa). Na ga gargaɗi cewa an kai iyakar pm.max_children, sai na ɗaga shi daga 5 zuwa 500 kamar yadda wani ya nuna a bidiyo. Yanzu abin ya fi da muni: sabar tana sandarewa gaba ɗaya, MySQL kuma yana mutuwa da kansa. Ko in kai shi 1000 ne?

Amsa: Ɗan'uwa, cire hannunka daga kan madannai tukuna mu yi magana. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago, yanzu kuma kana neman izinin ƙara zurfafa ramin. Irin wasiƙarka ce ta fi kowace tayar mini da hankali, domin kusan kowane wata sai ta zo da sabon suna. Mutum ya ga lamba a bidiyo, bai san girman sabar mai bidiyon ba, bai san irin shafinsa ba, ya kwafo ya zuba a tasa.

Mu yi lissafi na 'yan firamare. Wannan lamba da ka ɗaga ita ce yawan ma'aikatan PHP da aka yarda su tashi a lokaci guda, kuma kowanne yana da cikinsa da zai cika da RAM. A ce kowane ma'aikaci a shafinka yana cin 60MB. Sau 500 ya kama 30,000MB, wato wajen 30GB. Kai kuma 2GB gare ka. Muddin maziyarta kaɗan ne ba za ka ga komai ba, don ma'aikatan ba su tashi duka ba. Ranar da jama'a suka cika, sai RAM ta ƙare, Linux ta fara kwashe kaya tana kai wa faifai tana dawowa da su, kuma faifai ko wane iri ne bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Sandarewar da kake gani ke nan. Idan tura ta kai bango, akwai wani sashe a cikin Linux da aikinsa shi ne ya kashe manhajar da ta fi kowa cin RAM domin sauran su rayu. A saba irin taka, wanda ya fi kowa ƙiba yawanci MySQL ne. Saboda haka ba da kansa yake mutuwa ba, kashe shi ake yi. Buga dmesg ka nemi layin da ya ce Out of memory, za ka ga shaidar da idonka.

Yadda ake fitar da lambar kuwa ba wuya. Ka ware wa MySQL rabonsa, a ce 500MB. Ka bar wa tsarin kwamfutar da Nginx kamar 300MB. Abin da ya rage wajen 1,200MB ne. Ka raba shi da abin da ma'aikaci ɗaya yake ci, wanda ps ko top za su nuna maka a lokacin da shafin yake cikin aiki sosai. Da misalinmu na 60MB, amsar 20 ce. Ashirin, ba ɗari biyar ba. Gara buƙatu su yi layi na ɗan lokaci a ƙofa da a bar su su shigo gaba ɗaya ɗakin ya rufta a kan kowa.

Na san za ka ce ashirin ta yi kaɗan. To saurara, don nan ne gizo yake saƙa. Ma'aikata 20, idan kowace buƙata tana ɗaukar daƙiƙa 2, za su sallami mutum 10 ne kacal a daƙiƙa. Waɗannan ma'aikatan dai, idan aka rage lokacin zuwa kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, lissafi ya ba su 100, in dai CPU ta iya ɗauka. Ka ga ke nan matsalarka ba ƙarancin ma'aikata ba ce, daɗewar da kowanne yake yi a kan aiki ɗaya ce. Kuma CPU mai kai biyu aiki biyu take yi a lokaci guda. Ko ka tara mata mutum dubu, jira za su yi.

Me ke sa su daɗe? Ban sani ba daga nan inda nake, amma sabarka ta sani, tambayarta ce ba ka yi ba. Ka kunna slowlog na PHP-FPM, ka sa request_slowlog_timeout a daƙiƙa 2, zai rubuta maka ainihin layin da aikin ya maƙale a kansa, sau da yawa ma har da sunan filogin ɗin da ya jawo, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa WordPress. A Nginx ka ƙara $upstream_response_time cikin tsarin kundinka don ka ga shafukan da suka fi jan ƙafa. A MySQL ka kunna kundin tambayoyi masu nawa, wato buƙatun bayanai da suke daɗewa kafin a amsa su. Asalin saitin long_query_time, wato lokacin da tambaya za ta wuce kafin a rubuta ta a kundin, daƙiƙa 10 ne, wanda ya yi yawa ƙwarai ga shafin intanet. Mayar da shi 1. Tambayar da ta fi fitowa ka sa mata EXPLAIN a gaba don MySQL ya nuna maka yadda yake amsa ta. Idan ka ga tana karanta tebur tun daga farko har ƙarshe, fihirisa (index, jagorar da ke saurin gano bayani a tebur) ta rasa, kuma layi ɗaya zai iya gyara abin da ƙarin RAM ba zai gyara ba. Ka kuma duba innodb_buffer_pool_size, wato rabon RAM da MySQL yake ajiye bayanai a ciki, domin da 128MB yake zuwa, kuma mutane da yawa sukan yi shekaru ba su taɓa shi ba.

Bayan haka sai ka rage wa PHP aikin da bai kamata ya yi ba tun farko. Ka tabbata OPcache a kunne yake. Tun PHP 5.5 a 2013 ake haɗo shi, kuma yana hana a sake fassara fayil ɗaya a kowace ziyara. Sannan ka kunna fastcgi_cache a Nginx. Labari ɗaya da mutum dubu suke karantawa, me zai sa a sake gina shi sau dubu? A gina sau ɗaya, a ajiye na minti ɗaya ko biyar, Nginx ya riƙa miƙawa ba tare da ya tashi PHP ko MySQL ba. Sai dai ka keɓe waɗanda suka shiga da sunansu da kuma kwandon sayayya, in ba haka ba wata rana za ka nuna wa wani shafin wani.

Abu biyu da na hana ka. Kada ka ɗaga fastcgi_read_timeout, wato lokacin da Nginx yake jiran amsar PHP, daga daƙiƙa 60 don kuskuren 504 ya ɓace. Shafin da ya kasa fitowa a minti ɗaya babu mai zaman jiransa na minti biyar, ma'aikacinka kawai za ka ɗaure. Kuma kada ka kwafo saitin MySQL daga tsofaffin rubuce-rubuce. An cire query_cache, tsohuwar ma'ajiyar amsoshin tambayoyi, gaba ɗaya a MySQL 8.0, idan ka zuba layukansa a fayil ɗin saiti, MySQL ɗin ma ba zai tashi ba.

Ga ɗabi'ar da nake roƙon kowa ya ɗauka. Ka buɗe fayil guda, ko ma littafi na takarda. Kafin ka taɓa komai ka auna, ka rubuta. Ka canja abu ɗaya tak, ka sake aunawa, ka rubuta kwanan wata da tsohuwar lamba da sabuwa. Wanda ya canja abu biyar a dare ɗaya, ko shafin ya gyaru bai san wanne ya gyara shi ba, in ya lalace kuma bai san hanyar komawa ba. Idan kana sa ran cunkoso a wata rana, ka gwada da ab ko wrk, manhajojin kwaikwayon cunkoson maziyarta, a kan kwafin sabar tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce. Abokan karatuna sun ce Apache ya tsufa, in koma Nginx shafina zai ninka sauri. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, abokanki sun ji rabin zance ne. Apache, wanda shi ma aikin Nginx yake yi na karɓar maziyarta, ya fito a 1995, kuma tsohon salonsa na prefork yana ware ma'aikaci guda ga kowane haɗi, abin da ke cin RAM idan jama'a sun yi yawa. Igor Sysoev ya fitar da Nginx a 2004 da nufin ma'aikata kaɗan su riƙe haɗi dubbai a lokaci guda. A wancan zamanin bambancin babba ne. Amma Apache 2.4 na 2012 yana da salon event da ya rage tazarar sosai. Ki koma event, ki haɗa shi da PHP-FPM maimakon mod_php, mai gudanar da PHP a cikin Apache kansa, ki kwashe dokokin .htaccess, ƙananan fayilolin saiti da ake ajiyewa a jakunkuna, ki mayar cikin babban fayil ɗin saiti, ki sa AllowOverride None don ya daina leƙa kowace jaka a kowace ziyara. Ni Nginx na fi so saboda saitinsa ya fi daɗin karantawa, amma idan rumbun bayananki ne yake nawa, sauya mai tsaron ƙofa ba zai sa na cikin ɗaki ya yi sauri ba.

Tambaya: Na kai gzip (mai matse fayiloli kafin a aika su) mataki na 9 amma shafin bai rage nauyi ba. Hotuna ne suka fi yawa a ciki.

Amsa: Ka amsa wa kanka. Hoton JPEG da PNG a matse suke zuwa, gzip ba shi da abin da zai ƙara matsewa, CPU kawai kake ƙonawa. Mayar da shi 5, ka bar shi ga rubutu da CSS da JavaScript. Hotunan kuma ka rage faɗinsu zuwa girman da ake nunawa, ka juya su WebP, nau'in hoto mai ƙarancin nauyi, ka sa musu Cache-Control mai dogon wa'adi don na'urar mai ziyara ta ajiye kwafinsu.

Tambaya: Sabata tana wata nahiya, masu karatuna suna wata. Komai na gyara amma har yanzu akwai ɗan jinkiri kafin shafi ya fara buɗewa. Babbar saba za ta magance?

Amsa: Ba za ta magance ba, domin da nisa kake faɗa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan tsakaninku kilomita 8,000 ne, zuwa da dawowa ɗaya milidaƙiƙa 80 ne ko da hanya a miƙe take, kuma ba ta taɓa zama a miƙe. Buɗe haɗi zagaye ɗaya ne, gaisuwar TLS 1.3, wato ƙulla tsaron haɗin, wani zagayen, neman shafin kansa na uku: milidaƙiƙa 240 ke nan kafin harafi ɗaya ya iso. Idan har yanzu TLS 1.2 kake amfani da shi, ƙara zagaye guda. HTTP/3, sabon tsarin aika shafuka wanda aka tabbatar a 2022, yana haɗa na farko da na biyu wuri ɗaya. Amma maganin gaske shi ne kusantowa: ko ka ɗauke sabar ka kai ta kusa da masu karatunka, ko ka sa CDN, wato jerin sabobi a wurare daban-daban na duniya, a gaba ya riƙe kwafi a kusa da su.

Tambaya: Na saita cron (mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara) ya riƙa sake kunna sabar kowane dare ƙarfe uku, tun daga nan ta daina tsayawa. Akwai laifi?

Amsa: Akwai. Ka rufe ciwo da riga ne. Wani abu yana tsiyayar da RAM ko yana cika faifai. Buga df -h don ka ga cikar faifai, ka duba ko logrotate, mai rage tsofaffin kundaye, yana aiki. Idan ma'aikatan PHP ne suke kumbura a hankali, sa pm.max_requests a 500 don kowanne ya sauka a tayar da sabo bayan ya yi aiki ɗari biyar. Cire cron ɗin, ka sa ido kwana uku, ka rubuto mini abin da ya fara cika.