Na sa sabon birki, amma ƙara ta ƙi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008. Makonni biyu da suka wuce na sayo sabon fad, wato abin da ke kama faifai in an taka birki, da sababbin faifan birki na gaba, makanike ya ɗaura. Tun daga ranar, da na taka birki a hankali, musamman in zan tsaya a danja, sai motar ta yi "kiiii" har masu Adaidaita su waiwayo. Makaniken ya ce zai daina da kansa. Ko jabu aka sayar mini? Daga mai karatunka a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin ɗora wa mai kaya laifi. A abin da nake gani a gareji, yawancin irin wannan ƙarar daga wajen ɗauri take fitowa.

Ƙarar nan girgiza ce. Fad ɗin na karkarwa a jikin faifai da sauri ƙwarai, kamar yadda jiƙaƙƙen yatsa ke sa bakin kofin gilashi kuka. Shi ya sa ka fi jin ta in ka taka a hankali. In ka danna sosai, fad ɗin ya matsu, ba shi da sararin rawa.

Abu na farko da nake zargi shi ne shim, wato siririn farantin nan da ke kwanciya a bayan fad. Aikinsa kenan, shanye girgiza. Wallahi abin na ci mini rai, sau da yawa yaro zai cire tsohon fad, shim na manne a bayansa, ya jefar da su tare, sabon kuma ya zo babu. Ba da daɗewa ba aka kawo mini mota da irin matsalarka. Muna cire taya na ga bayan fad tsirara, ga kilif ɗin da yake zama a kai duk tsatsa da jar ƙasa. Muka kankare, muka sa shim, muka shafa ɗan giris a kunnuwan fad, ƙara ta ɗauke.

Ka sa a zaro fil biyun da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, ke zamewa a kansu. Ya kamata su shiga su fita da ɗan turin yatsa. In sun bushe, a wanke su a sa musu giris na birki mai jure zafi, don giris na gama-gari yana kumbura robar da ke rufe su. Kuma don Allah kada wani ya ce zai shafa mai ko giris a fuskar fad don ya kashe ƙara. Wannan wasa da rai ne.

Sai faifan kansa. Yawanci sabo yana zuwa da wani mai da kamfani ke shafawa saboda tsatsa. In ba a wanke shi da feshin wanke birki ba kafin ɗaurawa, fad ya sha man, fuskarsa ta yi ƙyalli kamar tangaran. In abin bai yi nisa ba, a goge fad ɗin da sanfefa a kan shimfiɗaɗɗen wuri, in ya jiƙu sosai sai sauyi. Notunan taya kuma a ɗaure su a gicciye da sifana mai awo. Na Corolla 103 Nm ne a awon ƙarfin ɗauri, ba a hau kan sifana da ƙafa ba.

Makanikenka yana da 'yar gaskiya, sabon fad da sabon faifai sai sun saba da juna. Ka sami titi marar cunkoso, ka kai gudun kilomita 60, ka taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen 10, ba tare da ka tsaya cak ba. Ka maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna birkin ya huce. Amma mako biyu ana hawa kullum ya isa a ce sun saba, saboda haka ni dai a buɗe a duba.

Ka kuma saurari lokacin ƙarar. In da safe ce kawai bayan ruwan sama ko wankin mota, tsatsar sama-sama ce, taku biyu uku ta goge. In kuwa kana jin ta ko ba ka taka birki ba, a duba kwanon da ke bayan faifai ko ya lanƙwashe yana goga, ko ɗan harshen ƙarfen da ke gargaɗin ƙarewar fad ya tanƙware. Fad mai yawan ƙarfe ma ya fi na seramik surutu.

In ƙarar ta koma gurza, ko motar na ja gefe ɗaya, ko birkin ya yi laushi a ƙafarka, ko ka kai hannu kusa da taya ka ji ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi, ka ajiye motar a gareji a ranar. Ka tsaya a wurin a cire tayar a gabanka, ka ce a nuna maka bayan fad ɗin.