Tambaya da Amsa: Aikin Dare Ya Faɗi, Kwamfuta Ta Ce Lafiya Lau

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga ayyukan da ake barin kwamfuta ta yi da kanta, musamman idan aikin ya dogara da kiran wata manhaja daga waje. Mun zaɓi biyar.

Daga mai kula da kwamfutocin wani shagon magani, Ƙofar Kaura, Katsina: Na rubuta umarni da ke kwafe rumbun bayananmu da mysqldump kowane dare da ƙarfe 2, ya matse shi da gzip, ya tura wata saba, wato kwamfutar ajiya da ke waje, da curl. Kullum da safe ina ganin "an gama". Da na je buɗe kwafin, sai na tarar na mako uku duk bait 20 ne kacal. Ina matsalar take?

Malam, bait 20 shi ne girman fayil ɗin gzip da babu komai a cikinsa. Wato mysqldump bai fitar da ko harafi ɗaya ba, wataƙila an canza kalmar sirrin rumbun ne, gzip kuma ya matse iska ya ce ya gama aikinsa. Bai yi ƙarya ba.

A Linux duk manhajar da ta gama aiki tana barin lamba ɗaya tsakanin 0 da 255, ita ce lambar fita. Sifili na nufin lafiya, saura kuwa akwai magana. A bash, manhajar da ke karanta umarninka, ana ganinta da `echo $?`. To amma idan ka haɗa umarni biyu da sandar nan `|`, lambar na ƙarshe kaɗai ake ɗauka. Na mysqldump ya faɗi, na gzip ya ba da 0, sai 0 ɗin ta rufa wa faɗuwar asiri. Maganin shi ne ka sa `set -o pipefail` a saman rubutunka, tare da `set -e` domin aiki ya tsaya a inda ya karye. Ka tabbata layin farko `#!/bin/bash` ne, saboda a Ubuntu da Debian `sh` ɗin wata manhaja ce daban mai suna dash, tsofaffin dash kuwa ba su san pipefail ba.

Akwai rami na biyu a gabanka wanda ba ka faɗa ba tukuna. Idan saba ta mayar wa curl da lambar kuskure irin 404 ko 500, curl yana fita da 0, domin a wurinsa ya kai saƙo ya karɓo amsa. Sai ka ƙara masa `--fail` sannan zai fita da 22.

Kada kuma ka rubuta kwafin kai tsaye da sunansa na ƙarshe. Ka ba shi sunan wucin gadi, ka gwada shi da `gzip -t`, ka duba girmansa bai gaza rabin na jiya ba, ka duba ƙarshensa akwai layin da mysqldump ke rufewa da shi, `-- Dump completed`. Idan duk sun yi daidai sai ka canza masa suna da `mv` a cikin faifai ɗaya. Ta haka ko an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, guntun fayil ba zai hau kan lafiyayye na jiya ba. Kalmar "an gama" ma ta koma ƙarshen wannan binciken.

Gargaɗi kan `set -e`: ba kowace lamba ce faɗuwa ba. grep yana ba da 1 idan bai samu abin da aka ce ya nemo ba, 2 ce matsalarsa ta gaske. diff ma 1 na nufin fayilolin sun bambanta ne kawai. rsync yana ba da 24 idan wasu fayiloli sun ɓace ana cikin kwafa, wanda sau da yawa ba abin tayar da hankali ba ne, amma 23 a duba ta da kyau. Kowace manhaja ka kira, ka karanta jerin lambobinta sau ɗaya, ka rubuta waɗanda ka yarda da su.

Daga wata malama mai kula da rajista a makarantar kuɗi, Daura: An haɗa mana tsarin da ke tura wa iyaye saƙon tes na kuɗin makaranta. Wanda ya haɗa ya sa idan turawa ta gaza a sake sau uku. Ranar Litinin wasu iyaye sun samu saƙo ɗaya har sau huɗu, wani uba ya zo ofis ransa a ɓace yana cewa muna masa tallar bashi. A cire sake gwadawar ne?

Malama, kada a cire, a gyara mata zama. Ga abin da ya faru. Tsarinku ya aika buƙata ga kamfanin tura saƙo, kamfanin ya karɓa ya tura wa iyaye, amma amsarsa ta "na karɓa" ta maƙale a hanya saboda sabis ya yi rauni. Tsarinku ya jira har wa'adi ya cika, ya ɗauka ba a kai ba, ya sake. Na farko da sakewa uku, huɗu ke nan. Duk wanda aka taɓa cire masa kuɗi a POS alhali takarda ta fito da cewa ba a yi ba, ya san wannan ciwon. Cikar wa'adi ba ta nufin aiki bai yiwu ba, abin da take nufi kawai shi ne ba a ji amsa ba.

Saboda haka kafin a ce wa kowane mataki "sake", sai an tambaya: idan aka yi shi sau biyu, akwai ɓarna? Sauko da fayil, kwafa da rsync, karanta rahoto, ko sau goma aka yi sakamakon ɗaya ne. Tura saƙo, biyan kuɗi, ƙara layi a rajista, rage kaya a sito, waɗannan kowace maimaitawa sabuwar ɓarna ce.

Ga yadda ake yi da kashi na biyu. Kowane saƙo a ba shi lambar shaida tun kafin a tura, wadda aka gina daga abin da ba ya canzawa: lambar ɗalibi, zangon karatu da irin saƙon. Kada a gina ta daga agogo, domin kowace sakewa za ta zo da sabuwar lamba, an koma gidan jiya. A rubuta lambar a rumbun bayanai da alamar "ana turawa", a sa wa wannan gurbin ƙa'idar hana maimaici. Idan amsa ta zo a mayar da ita "an tura". Idan wa'adi ya cika babu amsa, a mayar da ita "ba a tabbatar ba", kuma mataki na gaba tambaya ce ga kamfanin, ko ya ga wannan lambar, ba turawa ba. Kamfanonin biyan kuɗi sun daɗe da wannan tsari: Stripe yana karɓar `Idempotency-Key`, Paystack kuma yana aiki da lambar `reference` wadda za a iya bincikar matsayinta. Ku tambayi mai tura muku saƙo ko yana da irin wannan. Idan ba shi da shi, to "ba a tabbatar ba" ta tsaya a jerin da mutum zai duba da safe. Uba ya samu saƙo a makare da yini ɗaya ya fi ya samu huɗu.

Abu na ƙarshe, ku duba ko sakewar tana kan kowane saƙo ne ko kan jerin gaba ɗaya. Idan iyaye 600 ne aka karye a na 450, aka sake daga farko, mutum 449 sun sha biyu ba tare da laifin sabis ba.

Daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Ƙofar Marusa: Sau nawa ya dace a sake gwadawa, kuma a jira minti nawa?

Ɗalibi, fara da raba faɗuwa gida biyu. Akwai mai wucewa: sabis ya ɗauke, saba ta cika, an ce ka rage sauri. A intanet su ne 408, 429, 500, 502, 503 da 504, kuma su curl ke sakewa idan ka ba shi `--retry`. Akwai kuma ta dindindin: 401 da 403 ba ka da izini, 404 babu abin, 400 buƙatarka ce gurguwa. Ko ka kwana kana ƙwanƙwasawa ba za a buɗe ba, kalmar sirri marar kyau ma idan ka nace sai a kulle asusun. Irin wannan a tsaya nan take a sanar da mutum. Idan kai ne ka rubuta manhajar da ake kira, ka ware wa mai wucewa lambarta. Tsohuwar al'adar Unix ta ba da 75 don "gwada an jima", manhajojin imel suna amfani da ita.

Ga mai wucewa, sau biyar ya isa, kana ninka jira: daƙiƙa 10, 20, 40, 80, 160, jimilla 310, minti biyar da ɗan kai. Ka ƙara 'yan daƙiƙu da aka zaɓa ba bisa tsari ba a kan kowace jira, domin idan kwamfutoci 40 na ɗakin gwaji suka faɗi tare, kada su dawo tare su sake danne sabar. curl da kansa yana farawa da daƙiƙa 1 yana ninkawa har minti 10, kuma sababbinsa suna bin `Retry-After` idan saba ta faɗi lokacin dawowa. Misali: `curl --fail --retry 5 --retry-connrefused --connect-timeout 15 --max-time 300 --retry-max-time 900`. Lura, `--max-time` na kowane gwaji ne, `--retry-max-time` ne ke iyakance tsawon lokacin da za a ci gaba da sakewa.

Amma mu nan mun san sabis ba na minti biyar yake ɗaukewa ba, wani lokaci tun la'asar sai bayan isha'i. Kada ka magance wannan da sakewa 500. Ka bar aikin ya faɗi, mai tsara lokaci ya sake tayar da shi bayan awa ɗaya, aikin kuma ya fara da duba ko na yau ya riga ya kammala. Ka kuma ƙirga matakan da ke sakewa: idan curl na gwadawa sau 5, rubutunka sau 5, manhajar tsara ayyuka irin Airflow ma sau 5, faɗuwa ɗaya ta zama kira 125. Wuri ɗaya ya riƙe wannan aikin.

Masu Windows su yi hattara da robocopy, manhajar kwafe fayiloli. Idan ba ka ce komai ba, zai sake sau miliyan ɗaya yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani, kusan kwana 347 a kan fayil ɗaya da wani ya bari a buɗe. Kullum ka sa `/R:3 /W:10`. Lambobinsa ma na daban ne: ƙasa da 8 lafiya, 1 ma na nufin ya kwafa, 8 zuwa sama ce faɗuwa.

Wanda ya fi faɗuwa sharri shi ne aikin da ya sandare, bai mutu ba bai gama ba. `timeout -k 30 600` a gaban umarni zai roƙe shi ya tsaya bayan minti 10, ya fita da 124, idan ya ƙi ya kashe shi bayan daƙiƙa 30. A Python, `subprocess.run` ba ya ɗaga murya sai ka ba shi `check=True` da `timeout`. Ka haɗa da `flock -n` domin aikin ƙarfe 3 kada ya hau kan na ƙarfe 2 da bai gama ba.

Daga wani mai shagon buga takardu, Sabuwar Kasuwa: Idan na kunna aikina da hannu yana yi, a cron, mai tayar da aiki a kan lokaci a Linux, sai ya ba da 127. Wani na daban kuma yana mutuwa da 137.

Alhaji, 127 na nufin ba a ga manhajar ba. Hanyar neman manhajoji ta cron gajera ce, yawanci `/usr/bin` da `/bin`, saboda haka rubuta cikakken adireshinta, `which` zai nuna maka. Da 126 ce, an gan ta amma babu izinin kunnawa. Ita kuwa 137 ita ce 128 a tara da 9, wato kashe shi aka yi da ƙarfi, galibi don ƙwaƙwalwa ta cika. `dmesg` zai tabbatar. Babu wadda sakewa za ta warkar a cikinsu.

Daga wata ma'aikaciyar ƙungiyar manoma, Daura: Aikinmu yana kan laftof a Task Scheduler, mai tsara lokacin ayyuka na Windows. Wasu ranakun ba ya faɗuwa, ba ya ma tashi, kuma babu wanda ya sani.

Hajiya, buɗe shafin sharuɗɗan aikin. Windows tana zuwa da alamar cewa kada a fara sai an jona wuta, kuma a tsaya idan an koma batir. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan alamar ce ke cinye miki aiki, a cire ta. A shafin saiti kuma a kunna zaɓin yin aikin da zarar an samu dama idan lokacinsa ya wuce. A Linux cron ba ya rama abin da ya wuce kwamfuta na kashe, sai anacron, ko agogon systemd mai `Persistent=true`.

Game da rashin sani: saƙon "na faɗi" ba zai taɓa fitowa daga aikin da bai tashi ba, ko daga kwamfutar da babu data. A juya abin. Aikin ya riƙa aika "na gama" zuwa wani wuri a waje, irin Healthchecks.io, a matsayin layinsa na ƙarshe. Idan aikin na kullum ne, a saita wurin ya jira awa 24 da rangwamen awa 2, in shiru ya wuce haka ya turo saƙo zuwa wayarki da ta wani mutum na biyu a ofis.